Matuƙan Kwalekwalen Tsibirin Pitcairn

Tsibirin Pitcairn ba shi da filin jirgin sama, ba shi kuma da tashar da babban jirgin ruwa zai raɓa. Dutse ne tsaye a kudancin tekun Pasifik, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 5 ba, mazaunansa ba su cika 50 ba. Filin jirgin sama mafi kusa yana tsibirin Mangareba, tafiyar fiye da kilomita 500. Duk abin da zai shigo, tun daga buhun fulawa har likita, yawanci sai ya bi ta wata 'yar kafa da ake kira Bounty Bay. A nan ne kakannin mazaunan, ma'aikatan jirgin Ingila da suka yi wa kyaftin ɗinsu bore, suka cinna wa jirgin Bounty wuta a 1790 don kada a gano maɓoyarsu.

To, idan jirgin 'yan yawon buɗe ido ya iso, da benayensa da na'urorinsa da ɗaruruwan fasinja, iyakarsa ya tsaya can nesa da gaɓa. Daga nan aiki ya koma hannun 'yan tsibiri da dogon kwalekwalensu na alminiyom mai inji.

Raɓar jirgin kanta gwaninta ce. Babban jirgi yakan juya ya tare iska, kwalekwale ya shigo ta gefen da ruwa ya ɗan lafa, a sako tsanin igiya. Ko da hakan, taguwa na ɗaga kwalekwalen tana sauke shi. Mai saukowa ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa, don haka mutanen da ke jiransa su ne idonsa. Sukan bari sai ruwa ya ɗago su dab da ƙafarsa, sannan su ce ya saki, su cafe shi. Wanda ya yi gardama ya ƙara riƙe igiya, zai ga kwalekwalen ya yi ƙasa ya bar shi yana reto.

Amma inda nake sara wa matuƙin shi ne wajen shiga Bounty Bay. Mashigar matsattsiya ce, duwatsu hagu da dama, teku kuma tana turowa ta baya. Yana isa bakin wurin sai ya rage wuta ya dakata. Baƙo zai ɗauka inji ne ya samu matsala. Alhali kuwa matuƙi ya waiwaya yana karatun ruwa ne. Taguwoyi ba ɗai-ɗai suke zuwa ba, jere suke yi, manya su biyo juna, sannan a samu ɗan sarari kafin wani jerin. Wannan sararin yake jira, kuma ba agogo ke nuna masa ba, ido ne da sabo. Da ya gan shi sai ya ba da wuta gaba ɗaya, ya bi bayan taguwar da ta wuce, ya karya kwana mai kaifi ya faɗa bayan katangar siminti. Idan ya yi garaje ruwa ya ɗauke shi ya maka da dutse, idan ya yi nawa taguwa ta gaba ta cim masa yana a karkace. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma babu wanda ya san haka kamar mutumin da ke ɗauke da kusan rabin garinsu a cikin kwalekwale ɗaya.

Hakan kuwa na faruwa. Ranar da teku ta hana baƙi sauka, 'yan tsibirin ne ke loda zuma da kan sarki da sassaƙen itacen miro su hau jirgin su kasa kaya, su dawo ta wannan mashiga kafin duhu. Faɗin "yau ba a shiga" ma daga cikin ƙwarewar yake, kuma shi ya fi wuya, domin kuɗin da jirgi ɗaya ke kawowa ba ƙaramin abu ba ne ga gidajen garinsu, Adamstown.

Ba a barin kwalekwalen ya kwana a ruwa. Da inji ake jawo shi kan gangara zuwa rumfarsa, su kuma baƙi a ɗauke su a babur mai ƙafa huɗu a haura tudu zuwa gari. Abin da ke damuna shi ne, wannan aiki yana bukatar majiya ƙarfi da dama a lokaci guda, yaran tsibirin kuwa Niyuzilan suke tafiya karatun sakandare, kuma ba kowa ke dawowa ya tsaya kusa da matuƙi ya koya ba.