Rigar Sanyi Tsakanin Ɗari da Bazara

Akwai waɗansu makonni a ƙasarmu, tun daga tsakiyar watan Fabrairu har a shiga Maris, waɗanda ɗari bai gama yin sallama ba, bazara kuma ba ta kankama ba, har ya zama mutumin Rawayya da ya fito sallar asuba a takure saboda iskar da ke busowa daga arewa maso gabas, shi ne za ka tarar kafin azahar a gindin darbejiya yana fifita da hularsa. A wannan tsakani ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 20 da goshin asuba a Gusau da kewayenta, ya kuma haura 35 da tsakar rana, watau yini guda yana ɗauke da yanayi biyu masu gaba da juna. Tufar da za ta dace da irin wannan yini tana bukatar tunani, kuma ina ganin mun rage yin wannan tunani tun da dilolin gwanjo suka cika kasuwanninmu.

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Tsafe ta ratsa Gusau ta nufi Bunguɗu da sanyin safiya, ya san abin da nake nufi. Samari da magidanta, 'yan kabu-kabu da malaman makaranta, kowa ya ɗora wata jibgegiyar jaket mai cike da soso a bisa kaftaninsa, irin wadda aka ɗinka domin ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, aka saka ta shekaru a Ingila ko Jamus ko Amurka, sa'an nan ta biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta shigo Kano, aka fasa dilarta a Ƙofar Wambai, ta iso hannun ɗan gwanjo a Tudun Wadar Gusau. Ba na zargin talaka da sayen abin da aljihunsa ya iya, bal ma ina ganin gwanjo ya zama rahama ga iyalai da yawa waɗanda da ba dominsa ba da 'ya'yansu sun kwana da sanyi. Ga mai tuƙa babur kuwa, wanda iska ke dukan ƙirjinsa tun duku-duku, rigar da ba ta barin iska ta ratsa wajiba ce, kuma babu mai hankalin da zai ce ya tuɓe ta. Maganata tana kan wanda ke da zaɓi, ya tsaya gaban tsibin kaya, ya ɗauki mafi kauri domin yana zaton kauri shi ne inganci.

Illar wannan zaɓi tana bayyana da hantsi. Jaket ɗin soso, wadda bayanta leda ne cikinta kuma zaren roba, ba ta shan gumi, ba ta barin jiki ya sha iska, saboda haka da rana ta ɗaga sai mai ita ya jiƙe sharkaf daga ciki, in ya tuɓe kuma ya rasa inda zai sa ta, domin ba ta naɗuwa, ba ta shiga jaka, ba ta zama a kafaɗa. Da yawa sukan haƙura su yini cikinta, su tuɓe da la'asar jikinsu a jiƙe, iskar yamma ta same su a haka. Abin ya fi ba ni tausayi ga yara 'yan makaranta, waɗanda uwa ta zuge wa zif har wuya da safe saboda ƙauna, su kuwa ba su da dabarar cirewa, ko suna tsoron a sace, sai su zauna cikin aji suna narkewa.

Iyayenmu, Allah ya jiƙansu, ba su san sunan wannan ilimi ba, amma sun san aikinsa sarai. Sukan sa 'yar shara a ciki, su ɗora riga, su yafa gwado ko mayafi na saƙi a bisa, su naɗa rawani su ja amawali ya rufe hanci da baki daga hazo, sa'an nan rana na ɗagawa suna ragewa ɗaya bayan ɗaya, gwadon ya koma kafaɗa a naɗe, ko ya zama shimfiɗa a gindin itace. Hikimar tana cikin yawan hawa, domin iskar da ke kwance tsakanin tufa da tufa ita ce ke riƙe ɗumin jiki, kuma abin da aka sa hawa-hawa ana iya cire shi hawa-hawa. Duka wannan da audugar ƙasar nan aka yi shi. Auduga da gyaɗa su ne suka jawo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratso Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, gidan gurzar auduga ya tsaya a Gusau, daga baya cikin shekarun 1960 aka kafa masaƙar Zamfara Textiles wadda ta ciyar da dubban gidaje kafin injinanta su yi shiru. Abin takaici ne ƙwarai a ce jikokin manoman auduga sun koma neman ɗumi a cikin leda.

To, amma kada a ɗauka ina kiran mutane su ƙaurace wa tufar baƙi. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslimu, daga Mugira ɗan Shu'uba, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wata jabba ta ƙasar Sham mai ƙuntataccen hannu a cikin tafiya, da ya zo alwala hannun bai naɗu ba, sai ya fito da hannuwansa ta ƙarƙashinta ya wanke. A cikin wannan ƙissa akwai halaccin sa abin da wata al'umma ta ɗinka, akwai kuma ishara ga wani abu da mai sayen kwat a ƙasar Musulmi ya kamata ya duba kafin ya biya kuɗi, watau ko hannun rigar zai naɗu ya wuce gwiwar hannu, domin mutumin da zai yi alwala sau biyar a yini, biyu daga ciki a lokacin sanyi, bai kamata ya sayi abin da zai jarrabe shi da barin lam'a ba. Haka kuma malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, sun bambanta tsakanin abin da wanda ba Musulmi ba ya saƙa, wanda ake salla da shi, da abin da ya riga ya sa a jikinsa, wanda ba a salla da shi sai an tsarkake. Saboda haka wanke rigar gwanjo kafin a shiga masallaci da ita al'amari ne na ibada, ban da maganin da ake fesa wa dila mai shaƙe numfashi. A kuma karanta abin da ke rubuce a gadon bayanta, ko a nemi mai karantawa, gama na sha tsayawa a sahu bayan bawan Allah mai tsoron Allah, alhali yana ɗauke da tallar giya a bayansa bai sani ba.

Sai batun ƙawa, wanda waɗansu ke ɗauka wasa ne, alhali Alƙur'ani mai girma, a Suratul A'arafi, ya ambaci tufa a matsayin sutura da ado a wuri guda. Kaftani riga ce mai saukowa miƙe daga kafaɗa zuwa ƙauri, kyawunsa yana cikin wannan miƙewa. Jaket mai roba a ƙugu, wadda aka yanka domin wando da 'yar shat, tana tattare shi a tsakiya kamar buhun da aka ɗaure wa baki, ta ɓoye aikin wuyan da aka biya mai ɗinki kuɗi a kansa, ta kuma toshe aljihun gefe. Wanda zai ɗora wani abu a bisa kaftani, to ya nemi kwat marar nauyi, na kaki ko jins ko ulu mai laushi, wanda ya sauko har cinya, mai maɓalli a gaba yadda za a iya barinsa a buɗe da hantsi, kafaɗarsa daidai da kafaɗar mai shi. Launi kuma a duba ƙurar ƙasarmu: baƙi yana nuna hazo tun kafin a kai bakin kasuwa, yana kuma tara zafin rana, alhali ruwan ƙasa da ruwan toka da ruwan goro suna jure ƙura, suna kuma zama lafiya a kan farar shadda ko shuɗiya. Babbar riga kuwa ba a ɗora mata kome sai alkyabba ga wanda ya cancanta. Mai jin sanyi ya sa suwaita a ƙarƙashi. Mata sun riga mu gane wannan, domin siririyar suwaita a ƙarƙashin hijabi ta daɗe tana yi musu aikin da muke nema a cikin soso.

Abin da ya faranta mini rai a 'yan shekarun nan shi ne dawowar falmaran. Wannan riga marar hannu, wadda a dā aka fi gani jikin sarakuna da attajirai da malamai, samari sun rungume ta, teloli suna yanka ta daga yadin kaftanin ko daga wani yadi mai ɗan duhu, ana zuwa da ita ɗaurin aure da Juma'a. A ra'ayina babu tufar da ta dace da waɗannan makonni kamarta, domin tana rufe ƙirji da baya inda sanyi ke kama mutum, ta bar hannuwa a sake domin alwala da aiki, ba ta ɓata tsayuwar kaftani, kuma in rana ta yi tana naɗuwa ta shiga ƙaramar jaka. Sai dai har yanzu yawancin telolinmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna ɗinka ta domin kwalliya kaɗai, da yadi mai sheƙi da shafi na leda, su cika ta da aiki, har ta zama ba ta maganin sanyin asuba, tana kuma ƙara zafin azahar. Ina roƙonsu su ɗauke ta da muhimmancin da ta cancanta: su yi mata shafi na auduga, su ɗaga wuyanta kaɗan ya kare maƙogwaro, su sa mata aljihu na ciki mai zurfi domin waya da kuɗi, su kuma nemi masaƙan da suka rage a ƙauyukanmu su sayi saƙi a hannunsu, domin ƙaramin yanki ya isa falmaran guda, kuma saƙi yana da kaurin da ake bukata ba tare da ya hana jiki numfashi ba. Su ɗinka ta kuma da girman yara, da yadi mai araha mai jure wanki, a kai wa iyaye tun watan Nuwamba kafin su nufi wurin ɗan gwanjo.