Matsayin Karkarar Arewacin Kano a Labarin Biranen Ayari: Sharhi a Kan Rubutun Yawon Buɗe Ido na Alfarma

1.0 Gabatarwa

Akwai wani irin rubutu da ya yawaita a zamanin nan wanda manazarta adabi ba su cika kula da shi ba, watau wanda kamfanonin yawon buɗe ido suke yi don jawo attajiran baƙi zuwa tsofaffin biranen fatauci na ƙasashen Musulmi. A cikinsa ake jera Fas da Marrakesh na Maroko, da Samarkand da Bukhara na Uzbekistan, da Gadamas ta Libiya. Idan kuma aka tsallako Sahara sai a ambaci Tambutu da Jenne da Agadas, a rufe da Katsina da Kano da Zariya. Abin da ake sayar wa baƙo shi ne ya bi sawun ayari ba tare da ya sha wahalar ayari ba: jirgi ya sauke shi, mota mai sanyi ta ɗauke shi, ya ga hasumiya da ganuwa da kasuwa, ya kwana a masaukin alfarma. Gaskiya ne rashin zaman lafiya ya rage zuwan baƙi Agadas tun tawayen 2007, da Tambutu tun 2012, amma hoton da rubutun ya kafa a zukatan mutane yana nan daram, har mu ma mun fara kallon garuruwanmu da shi.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna wannan rubutu kamar yadda muka saba auna labari, mu tambaya: wa aka sa a ciki, wa aka bari a waje? Ma'aunin da za mu ɗauka shi ne karkarar arewacin Kano, watau ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, inda gona take manne da gona, ba a barin saura. Ra'ayinmu shi ne wannan rubutu ya ɗauki birni ya yar da ƙauye, alhali kuwa da ayarin da ginin duka daga gona suka fito.

2.0 Sigar Rubutun

Duk wanda ya karanta irin waɗannan takardun talla zai lura da abubuwa uku da ba sa sakewa. Na farko, ana nuna birni kamar ya tsiro ne daga cikin rairayi, babu kowa a bayan ganuwarsa. Na biyu, raƙumi ne kaɗai dabbar ayari, kuma gishiri da zinariya su ne kaɗai kayansa. Na uku, ana cewa lokaci ya tsaya cik a waɗannan wurare, ginin da baƙo zai gani shi ne wanda fataken dā suka gani.

Ba mu ce duk ƙarya ce ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, abin kallo ce, kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihi na duniya a 2013, kamar yadda ta sa Tambutu da Jenne a 1988. Haka nan Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi, waɗanda ake danganta su da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), sun cancanci yabon da ake yi musu. Illar rubutun tana cikin abin da ya yi shiru a kansa, domin rabin gaskiya yakan fi ƙarya saurin shiga kunne.

3.0 Ayari Daga Gona Yake Tashi

Bari mu fara da hanya. Mai fita daga Kano zuwa arewa, ko ta Bichi zuwa Katsina, ko ta Ɗambatta da Kazaure da Daura zuwa Damagaram da Agadas, sai ya yi kwanaki yana ratsa gonaki kafin ya ji ƙanshin sahara. Bajamushen nan Heinrich Barth ta Bichi ya biyo lokacin da ya shigo Kano a farkon Fabrairu 1851, kuma ya lura cewa Abzinawa suna da rabo a garin, Buzayensu na zaune a ciki suna noma musu gonaki. Ma'anar wannan a fili take: mutanen raƙuma sun san cewa ba a ratsa sahara sai da gero, don haka suka kafa ƙafa a inda ake noma shi. Har cikin ƙarni na 20 ayarin gishirin Bilma da Fachi yakan gangaro ƙasar Hausa bayan kaka, a ba da gishiri da dabino a karɓi hatsi, raƙuma su ci kara da harawa a gonaki, su bar wa manomi taki.

Sa'an nan mu dubi kayan da ake ɗauka. Barth ya ƙiyasta tufafin da ƙasar Kano take fitarwa a shekara da kuɗi wuri miliyan 300, ya kuma ce abin da ake kaiwa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300. To, a ina aka noma audugar? Wa ya kaɗa zaren? Matan ƙauye ne suka kaɗa shi a tsakar gida, masaƙa irin na Minjibir suka saƙa da rani bayan an gama aikin gona, baban da aka rina shi kuwa a gefen gonar dawa aka shuka shi. Binciken Philip Shea na 1975 ya nuna cewa yawancin marinar ƙasar Kano a garuruwan karkara take, ba a cikin ganuwa ba. Kasuwar Kurmi wurin haɗuwa ce. Masana'antar tana warwatse a ƙauyuka.

Su kansu fataken, da yawansu mutanen karkara ne. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro, ya bayyana yadda Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga arewa ne, suka zauna a ƙauyukan da ke tsakanin Katsina da Kano da kewayenta, suna noma da damina, suna tafiya Gwanja da rani. Dabbar wannan ayari kuwa jaki ne. Madugu da jagaba da uban dawaki jakuna suke kora zuwa Salaga, tafiyar watanni, da kanwa da tufafi, su komo da goro. Amma ba mu taɓa ganin takardar talla da ta sa hoton jaki a bangonta ba. Raƙumi ya yi wa baƙo kwarjini, jaki kuwa ya yi kama da talauci, shi ya sa aka kore shi daga labarin da shi ma ya ɗauki kayansa.

Wannan jaki bai huta ba ko bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karya cinikin sahara. Lokacin da Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960, ya tarar da jakuna suna shiga birni da itace da hatsi, suna fitowa da mangalar taki zuwa gonaki. Da wannan kai da komo ne ƙasar ta iya ciyar da ɗimbin jama'a shekara da shekaru ba tare da ta gaji ba.

4.0 Gini Ma Daga Gona Yake

Yanzu mu koma ga gine-gine, tun da su ne jarin wannan rubutu. Idan muka tsaya a cikin soron da aka yi wa ɗaurin guga muka ɗaga kai, me muke gani? Azarar da ta riƙe bakan daga giginya aka faso ta. Makubar da aka shafe bango da ita don kada ruwa ya ci shi daga kwasfar ɗorawa aka jiƙo ta, ɗorawar da manomi ya bari a tsakiyar gonarsa. Katsin da aka daɓe rufi da shi daga gindin karofi aka kwaso shi, watau ragowar baban nan ne na gona. Ciyawar da aka cuɗa ƙasar tubali da ita, jaki ne ya kawo ta. Ashe ke nan soron birni gona ce aka miƙar tsaye. Rubutun yawon buɗe ido yakan yaba zanko da zanen bango, amma ba ya faɗin ko ɗaya daga cikin wannan.

Maganar tsayawar lokaci kuwa ba ta da tushe. Babban masallacin Jenne da ake gani yau a 1907 aka gina shi. Masallacin Juma'a na Kano na ƙasa an rushe shi, aka maye gurbinsa da na siminti a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarki Abdulkarimu, an lulluɓe abin da ya rage nasa da sabon gini a shekarun 1970. Ginin ƙasa abu ne mai rai, da yaɓen shekara-shekara yake numfashi, ran da hannu ya janye kuwa damina ta gaje shi. Abin da ya kamata a yaba, saboda haka, shi ne ilmin magini da jama'ar da take fitowa yaɓe. Hujjarmu a nan ita ce masallacin Yaama, wani ƙauye a jihar Tawa ta Nijar, wanda maginin garin Falke Barmu ya fara a 1962, ya kuma sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Wannan ya isa shaida cewa gwanintar ginin Musulunci ba ta san ganuwa ba.

5.0 Waɗanda Aka Ɓoye

Akwai shiru na uku wanda ya fi sauran nauyi. Fanisau, a ƙasar Ungogo, tana da gidan sarki, kuma nan ne Hugh Clapperton ya je ya gai da Sarki Ibrahim Dabo a 1824, lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku. Baƙon da aka kai kallon Hawan Fanisau zai ga dawaki da lifidi, musamman yanzu da UNESCO ta karɓi hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya a 2024. Abin da ba za a gaya masa ba shi ne Fanisau gandun sarauta ce da bayi suka noma, kamar yadda Mohammed Bashir Salau ya nuna a littafinsa na 2011. Ayarin da ya fita da tufafi da fata ya fita da mutane a ɗaure.

A nan adabinmu ya fi takardar talla gaskiya. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, hanyar sahara hanya ce ta yaron da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, da guguwar rairayi mai binne ayari. Marubucin da ya ji labarin daga bakin waɗanda suka ga zamanin bai ga alfarma a cikinsa ba. Wanda ya mai da wannan hanya wurin shaƙatawa kawai, bai yi wa matattu adalci ba.

6.0 Kammalawa

Wani zai ce, ai talla ce, me ya kai mu auna ta da ma'aunin tarihi? Amsarmu ita ce, abin da aka yaba shi ake kashe wa kuɗi. Ba mu ƙi baƙo ba, baƙo rahama ne, kuma kuɗinsa na iya riƙe magini a kan sana'arsa. Amma idan labarin da ake ba shi ya tsaya a ƙofar gari, to a nan ma gyara zai tsaya. Ko ganuwar Kano, wadda take cikin jerin jiran UNESCO tun 2007, ba ta tsira ba, balle masallacin ƙasa na ƙauye da ake rushewa a sa bulo, ko gonakin Ungogo da ake yankawa fuloti, ko masaƙin Minjibir da ɗansa ya koma acaɓa.

Shawararmu ga malamai da ɗalibai guda biyu ce. Ta farko, mu shiga ƙauyukan nan mu rubuta sunayen zangogi da rijiyoyi da burtalai, da ilmin magina da masaƙa, tun masu shi suna da rai. Ta biyu, idan hukumomin al'adu za su rubuta wa baƙi labarin Kano, su fara shi daga gona. A kai baƙo kasuwar hatsi ta Dawanau, a ƙasar Dawakin Tofa, ya ga manyan motoci suna lodin gero da wake zuwa Nijar da Chadi. Nan ne ayari yake a yau, da ƙurarsa da guminsa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi; birnin da ya manta da ƙauyen da ya ciyar da shi, ya manta da rabin tarihin kansa.