Zanen Barkwanci na Siyasa da Takunkumi a Ghana

Zanen barkwanci na siyasa hoto ne da ake zana mai mulki a cikinsa, a ƙara masa girman hanci ko tumbi, a ɗora masa laifinsa kowa ya gani. Ɗan'uwan zambo da habaici ne, sai dai shi da alƙalami ake yin sa. Ƙarfinsa yana cikin cewa ba ya buƙatar karatun boko. Yawancin jaridun Ghana da Turanci ake buga su, amma dattijon da ke zaune a bakin masallaci a Nima, ko mai koko a Maamobi, kallo ɗaya zai yi ya gane wanda ake nufi. Wannan ne ya sa masu mulki suke shakkar sa fiye da dogon sharhi.

A zamanin Kwame Nkrumah, fitaccen mai zane shi ne Ghanatta, wanda ya yi wa jaridar Evening News aiki. Alƙalaminsa ya fi sauka kan 'yan mulkin mallaka da 'yan hamayya, domin dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba ta 1958 ba ta bar wurin yi wa gwamnati dariya ba. Sai bayan juyin mulkin 1966 ya zana Nkrumah a matsayin azzalumi. Mulkin sojan Rawlings ma ya matse jaridu da dokar neman lasisi ta 1989, a shekarun da ake kira zamanin kame baki.

Kundin tsarin mulki na 1992 ya haramta tace labarai, sannan a 2001 gwamnatin Kufuor ta soke dokar da ke ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna. Daga nan zane ya sake jiki. Duk da haka, mai zanen jaridar Daily Guide ya ci gaba da fakewa da sunan Akosua.

Misali mafi bayyana na matsin da ya rage wa masu zane shi ne na Bright Ackwerh. A 2017, lokacin da ake yaƙi da galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba wadda ta gurɓata koguna irin su Pra da Ankobra, ya zana shugaban Sin Xi Jinping yana tsiyaya gurɓataccen ruwa cikin ƙoƙon bara da shugaban Ghana na lokacin, Akufo-Addo, da wani ministansa suke riƙe da shi, jakadiyar Sin kuma tana gefe da sandar zinariya a hannu. Ofishin jakadancin Sin ya rubuta wa gwamnati takardar koke kan yadda kafafen labarai suke zubar wa ƙasarsa mutunci. Ackwerh bai janye ba, ya amsa da wani sabon zanen kan takardar, wadda ya ɗauka a matsayin barazana. Abin lura a nan shi ne matsin bai fito daga ɗan sanda ko alƙali ba, daga baƙo mai kuɗi ya fito, kuma zanen ta intanet ya yaɗu, inda babu editan da za a kira a waya a ja masa kunne.

Barazanar da ta fi muni kuwa ta rai ce. A ranar 16 ga Janairun 2019 aka harbe Ahmed Hussein-Suale, abokin aikin ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas, a unguwar Madina da ke Accra. Ɗan jarida mai bincike ne, ba mai zane ba, amma duk mai riƙe da alƙalami a Accra ya ji wannan harbin a jikinsa. Masu zane sun san abin da ya sami 'yan'uwansu masu zane, wato Naji al-Ali, Bafalasɗinen da aka harbe a Landan a 1987, da Ali Ferzat na Siriya da aka karya wa hannuwa a 2011.

A zango, wato unguwanni irin su Nima da Maamobi, akwai iyakar da mai zane ba ya tsallakewa. Jama'a na jin daɗin a yi wa minista zambo, amma ba su yarda a taɓa addini ba, kuma wannan bambanci yana da tushe: minista yana da iko da dukiyar jama'a a hannunsa, dole a tuhume shi. Matasan ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art da masu zanen bango irin su Moh Awudu sun fi karkata ga zana tsafta, ilimi da martabar unguwa a jikin katangu, abubuwan da su ma tunatarwa ce ga hukuma kan kwatoci da makarantun da ta yi wa zango alkawari.