Jinjina ga masu zana zaki a bayan mota

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Tsamiya, a ƙaramar hukumar Bagudo, inda manyan motoci ke bi zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin, ya san aikin mutanen nan ko bai san sunansu ba. Masu fentin mota nake nufi, waɗanda ke ɗaukar burushi da fentin mai su ɗora zaki a ƙyauren baya.

A duba zakin da kyau. Wani an zana shi ya danne barewa, gashin wuya a tashe, jan fenti na ɗiga daga haƙora. Wannan mai mota yana shaida wa abokan hamayya cewa ya fi ƙarfinsu. Amma wanda ya fi kama ni shi ne zakin da ke kwance, baki a rufe, ido rabi a buɗe, rana na faɗuwa a bayansa. Babu barazana a jikinsa, sai isa da gajiya, irin ta direban da ya kwana uku a kan iyaka yana jiran a sa wa takardunsa hannu. Da ɗigon farin fenti ɗaya a ƙwayar ido mai zanen ya fitar da wannan hali.



Manyan dawa kansa ya yi ƙaranci. A 2015 aka sa zakin Afirka ta Yamma cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa, kuma mafi yawan ragowar suna gandayen dajin W da Arli da Penjari, can yamma da Segbana. Yaron wannan yanki, na Illo ko Ka'oje, a bayan mota ya fara ganin zaki, daga hannun waɗannan gwanaye. Allah ya ƙara basira.