Ƙofar da ARM Ya Shigo

Masu sharhi kan fasaha sun saba cewa a kasuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda ya fi iya ƙira shi ke cin gasa. Ni ban gamsu da wannan magana ba, kuma tarihin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet, wato uwayen garke, ya ishe ni hujja.

A shekarar 2001 kamfanonin Intel da HP suka fito da Itanium, sabon tsari dungurungum da aka shirya don ya gaji x86, wanda ya samo asali tun 1978. Compaq ma ya sanar da jingine nasa tsarin, Alpha, don ya bi sahu. Sai dai manhajojin da bankuna da ma'aikatu suka zuba dukiya a kansu ba sa tafiya a kan Itanium sai da jan ƙafa. A 2003 AMD, da ake yi wa kallon ɗan ƙane, ya fito da Opteron. Maimakon rushe tsohon gida, ɗaki ya ƙara masa: ya faɗaɗa x86 zuwa bit 64, tsofaffin manhajoji suka ci gaba da aiki yadda suka saba. A 2004 Intel ya haɗiye girman kai ya bi sawun ƙanen nasa. Itanium kuwa ya yi ta jinya har aka daina fitar da shi a 2021.

Masu cewa ARM ya karya wannan ƙa'ida sun yi gaggawa. Ba na musun cewa yana da tattalin wutar lantarki, kuma a 2020 Fugaku ta Japan, mai aiki da shi, ta zama kwamfuta mafi ƙarfi a duniya. Amma a dubi ƙofar da ya shigo. Amazon ya tsara Graviton a 2018 don rumbunansa na kansa, a lokacin da Linux ya riga ya san tsarin ARM. Shi ne mai kaya, shi ne mai saye. Apple ma da ya fito da M1 a 2020, sai da ya haɗa shi da Rosetta 2, tafintan tsofaffin manhajoji.

Abin da ya fi damuna shi ne mallaka. A zamanin Opteron, kowace jami'a na iya saye ta girka a ɗakinta. Graviton ba a sayar da shi, haya kawai ake bayarwa, kuma mai bayar da hayar shi ke yanke farashi.