Kunya da Zaɓen Kalma a Wasannin Matasa: Makaranta, Shuga, da Masu Kallo na Gabashin Sakkwato

A ƙarshen shekarar 2021 aka saki tallan wani fim mai suna Makaranta, wanda Aminu Umar Mukhtar ya shirya. Tallan bai wuce 'yan mintoci ba, amma a cikinsa an ji ana zancen balaga da sha'anin maza da mata a fili, da Hausa, cikin harabar makaranta. Kafin mutane su ga fim ɗin kansa ƙura ta riga ta tashi. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda Isma'ila Na'abba Afakallah ya ke shugabanta a lokacin, ta ba da sanarwa tana neman mai fim ɗin. Shi kuwa ya ce nufinsa wayar da kai ne game da abubuwan da a ke ɓoye wa yara har su cutu, irin su kaciyar mata, ya kuma ce ba a Kano ya ɗauki fim ɗin ba. Masu kallo suka rabu biyu, waɗansu suna cewa batsa ce aka sa wa rigar ilmi, waɗansu suna cewa gaskiya ce mai ɗaci.

Shekara uku kafin wannan, watau a 2018, an nuna wani zango na MTV Shuga, wasan matasa mai dogon zango wanda aka fara a Kenya a 2009, aka kawo shi Nijeriya a 2013. A wannan zango aka shigo da 'yan wasan Hausa. Rahama Sadau ta fito a matsayin Yasmin, malamar makarantar sakandare a Ikko, Yakubu Muhammad ya fito mijinta, Amal Umar kuwa ta fito a matsayin Hadiza, yarinyar Arewa wadda aka aurar tana ƙarama, ta gudo daga hannun miji mai cutar da ita don ta koma karatu. Babu abin da Makaranta ta taɓa wanda Shuga bai taɓa abin da ya fi shi nauyi ba: fyaɗe, cikin shege, tazarar haihuwa, cutar ƙanjamau. Duk da haka surutun da ya jawo a ƙasar Hausa bai kai na ɗan tallan nan na Makaranta ba. To, me ya kawo wannan bambanci?

Amsar da ta fi kusa ita ce Shuga da Turanci a ke yinsa, masu jinsa kaɗan ne. Gaskiya ne, amma bai isa ba, gama akwai dubban Hausawa masu jin Turanci da suka kalle shi, kuma su ɗin ne dai suka fi kowa ɗaga murya a kan Makaranta. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, Bahaushe yana iya jin kalma da baƙon harshe ta wuce shi kamar iska, amma in aka faɗe ta da harshen da uwarsa ta yi masa magana da shi, sai ta sauka a jikinsa. Ba batun ne ya tayar da mutane ba. Kalmar ce, da bakin da ta fito, da kunnen da ya ke kusa sa'ad da ta fito.

Wanda duk ya zauna a gaban malamin zaure ya san Hausawa ba baƙin waɗannan batutuwa ba ne. Yaron da ya fara Ahalari ko Ishmawi, ya wuce zuwa Iziyya da Risala, zai ji bayanin haila da janaba da wankan tsarki dalla-dalla, malam yana karanta Larabci yana fassarawa, ba wanda ya ke sunkuyar da kai. Dalili kuwa shi ne Hausa ta tanadi hawa uku na kalmomi domin wannan fage. Akwai kalmomin asali, waɗanda yawancinsu sun koma na ashar, ba a jinsu sai a tasha ko wurin faɗa. Akwai na aro daga Larabci, irin su haila, janaba, balaga, al'aura, waɗanda su ke ɗauke da rigar ilmi, mai faɗinsu ba ya jin nauyi ko a gaban surukinsa in karatu a ke yi. Sa'an nan akwai sakaya, wadda ita ce ta cikin gida: a ce mace tana fashin salla, ko tana da juna biyu, ko ta sauka lafiya, a ce ciwon sanyi, a ce an ɓata yarinya. Kowane hawa da wurinsa. Marubucin wasa wanda bai san wannan tsani ba, ko ya sani ya raina shi, zai ɗauko magana daga hawan da ba nata ba, masu kallo kuwa su ji kamar an zage su a cikin ɗakinsu.

Ba zaɓen kalma kaɗai ba, har da wanda aka ba ta ya faɗa. Kunya a wurin Hausawa ba halin zuciya ba ne kurum, doka ce mai tsara wa zai ce me ga wa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, suruki da suruka suna kauce wa juna a hanya. Amma al'adar da ta ɗaure waɗannan bakuna ita ce kuma ta kwance waɗansu. Kaka tana kiran jikanta mijinta, ta tsokane shi da abin da uwarsa ba za ta iya furtawa ba. Taubasai suna faɗa wa juna magana mai zafi a cikin raha. Goggo ita ce mai zaunar da amarya ta yi mata bayani. Wasannin matasa na ƙasashen Turai sun saba da wani fage inda uwa ta ke zaunar da 'yarta, ko malami ya tsaya gaban aji, a yi maganar a fili. In aka kwaso wannan fage aka zuba masa Hausa, an ba da kalma ga bakin da al'ada ta rufe, alhali ga bakunan da ta buɗe suna zaune ba a ba su aiki ba. Abin mamaki ne yadda kaka ta yi ƙaranci a waɗannan wasanni, in ma ta fito sai a mai da ita abin dariya.

Wannan magana tana da nauyi na musamman a Wurno da Rabah da Goronyo. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa ya ke. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru domin karantar da matan ƙauyuka. Abin lura a tsarin nan shi ne yadda ta zaɓi masu ɗaukar saƙo. Jajis ɗinta dattawan mata ne, ta ɗaura musu malfa alamar izini, su ne su ke jagorantar 'yammata da tsofaffi zuwa wurinta, su koma da waƙoƙin da ta tsara su koyar a cikin gidaje. Watau ta san ilmin da za a kai wa mace a cikin gida sai an duba bakin da zai kai shi. Mutanen da suka gāji wannan ba za a ce musu ba su son a ilmantar da 'ya'yansu mata ba. Abin da su ke tambaya, ko ba su faɗe shi haka ba, shi ne wa ya ɗaura wa wannan fim malfa.

Wasan kwaikwayo ma ba baƙo ba ne wajen taɓa irin waɗannan al'amura. 'Yammata suna yin tashen Ga Mairama Ga Daudu da azumi, suna kwaikwayon zaman aure a ƙofar gidajen iyayensu, ba mai korarsu. Abubakar Tunau, ɗan lardin Sakkwato, ya rubuta Wasan Marafa domin koyar da tsabta da kiwon lafiya. Shu'aibu Maƙarfi a cikin Zamanin Nan Namu ya nuna yadda tarbiyyar yarinya ta ke lalacewa da sakacin iyaye, aka karanta littafin a makarantu shekara da shekaru. Waɗannan duk sun faɗi abu mai nauyi, amma sun bi ta ƙofar da aka sani.

Akwai kuma wurin kallo. A zamanin majigi fili guda a ke taruwa bayan magariba, hukuma ta riga ta zaɓi abin da za a nuna. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, wasanni irin su Daɗin Kowa suka shiga tsakar gida, inda maigida da matansa da 'ya'ya da baƙo su ke zaune gaban akwati guda. A irin wannan zama kalma ɗaya tana faɗawa kunnuwa biyar waɗanda al'ada ta hana su ji ta tare. Uban da ya tashi ya fita ba lalle ne ya ƙi abin da aka faɗa ba, zaman ne ya gagare shi. Waya kuwa ta juya al'amarin. Yarinya a Goronyo tana iya kai wayarta wurin masu tura finafinai a kasuwa, a zuba mata zango guda, ta kalla ita kaɗai da abin ji a kunne. Nan babu kunya ko kaɗan, gama babu mai ganin wani, amma kuma babu wanda za ta tambaya. Hukumar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango a watan Mayu na 2025, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa ga cewa ba a kawo su an tace ba kafin a sake su. Ikonta dai a iyakar Jihar Kano ya tsaya, bai kai Rabah ba, balle ya shiga cikin wayar da ke ƙarƙashin matashin kai.

Amma kada a ɗauka duk gaskiya tana wajen masu ƙorafi. Sakaya tana da wani aibi babba: takan rufe mai laifi tare da laifin. In aka ce an ɓata yarinya, nahawun jimlar ya ɓoye wanda ya aikata, ya bar ta ita kaɗai da sunan ɓatacciya. Yarinyar da ba ta da kalmar da za ta kira abin da aka yi mata ba ta iya kai ƙara, ko a wurin uwarta. Kuma tsarin kaka da goggo yana aiki ne inda gida ya ke tsaye. Gabashin Sakkwato ya sha hare-haren 'yan bindiga. A watan Oktoba na 2021 an kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo, ƙauyuka da yawa kuma sun watse, mutanensu sun tarwatsu cikin garuruwa. Yarinyar da ta tashi a gudun hijira, kakarta a wani gari, goggonta a wani, ita ce ta fi kowa bukatar bayani, ita ce kuma ta fi kowa rashin mai yi mata shi. Matan da a ke yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin mata da yara na Maryam Abacha a Sakkwato shaida ne cewa shiru ma yana da nasa ta'adi. Wanda ya ce a hana fim, ya kamata a tambaye shi wa ya tanada a madadinsa.

Masu goyon bayan irin waɗannan wasanni sukan kafa hujja da binciken da Abhijit Banerjee da Eliana La Ferrara da Victor Orozco suka yi tare da Bankin Duniya, wanda aka buga a 2019. Sun nuna wa matasa Shuga, cikin mutum fiye da 5,000 da binciken ya shafa, suka tarar waɗanda suka kalla sun kusan ninka sauran wajen zuwa gwajin ƙanjamau bayan 'yan watanni. Sakamako ne mai ƙarfi, ba a raina shi. Sai dai a biranen kudu maso yammacin Nijeriya aka yi shi, da zangon 2013, wanda babu Hadiza a cikinsa. Marubutan binciken da kansu sun danganta tasirin ga yadda mai kallo ya ke nutsewa cikin labari ya ga kansa a cikin 'yan wasa. In haka ne, hujjar ta juyo kan masu kafa ta. 'Yar Wurno da ƙyar za ta ga kanta a Hadiza, wadda aka zana ta da idon mutanen Ikko, ceto kuma bai zo mata ba sai da ta bar Arewa ta shiga makarantar Kudu. Amal Umar ta yi wasan da natsuwa, amma labarin bai ba ta gidan da mai kallo zai gane ba, gidan da a cikinsa akwai azzalumi akwai kuma mai tsawata masa.

Saboda haka kowanne daga cikin biyun ya sami rabi ya rasa rabi. Shuga ya iya gina labari mai riƙe matashi, amma da harshen da ba ya shiga jiki. Makaranta, gwargwadon abin da tallanta ya nuna, ta zo da harshen gida, amma ta hau tsanin daga inda ba a hawa, kuma aka yanke mata hukunci a kan 'yan mintoci, abin da ba adalci ba ne ga kowane aikin adabi.

Ga malaman kwalejojin horon malamai akwai aikin aji a nan wanda ba ya bukatar akwatin talabijin. A ɗauki fage guda, a ce yarinya 'yar shekara goma sha huɗu tana so ta gaya wa wani cewa malaminta yana tare ta bayan an tashi. A sa ɗalibai su rubuta shi sau uku: tana gaya wa uwarta, tana gaya wa kakarta, tana gaya wa ƙawarta a hanyar rijiya. Sa'an nan a karanta su a fili, a ja layi ƙarƙashin kowace kalma da ta sauya daga wannan zuwa wancan, a duba kuma a cikin wanne ne sunan malamin ya fito.