Daga Dandali zuwa Majigi: Gadon 'Yan Kama a Wasan Ibro

Tun kafin a san kaset a ƙauyukan Karaye da Rogo, mutanen wannan yanki sun san ɗan kama. Ranar kasuwa ko ranar biki zai naɗa rawani kamar wani shehin malami, ya gyara murya ya fara wa'azi, sai ka ji ashe duk ayoyin nasa a kan tuwo da fura ne. Ko ya ɗauki karin waƙar wani shahararren mawaƙi ya mayar da ita ta abinci. Ba shi da takarda, ba shi da mai ba da umarni. Fuskokin 'yan kallo yake dubawa, inda dariya ta yi sanyi ya sauya hanya nan take. Ga kuma tashe, inda yara ke kwaikwayon tsoho da gwauro a daren azumi.

A ganina, wanda bai san wannan makaranta ba ba zai fahimci Rabilu Musa Ibro ba. An haife shi a Ɗanlasan ta Warawa a 1971, ya yi aikin gandiroba, ya bar shi ya kama wasa. Ya tarar da hanya a share: Usman Baba Pategi ya daɗe yana Samanja a rediyo da talbijin na Kaduna da Hausarsa ta bariki, Kasimu Yero ya yi Karambana, kuma Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya buɗe kasuwar bidiyo a Kano a 1990. Abin da Ibro ya kawo daban shi ne, ya ɗauko dabarar dandali ɗungurungum ya ajiye ta gaban kyamara.

Dubi fim ɗin Ibro Awilo, inda ya ari rawa da shigar mawaƙin Kwango Awilo Longomba. Aikin ɗan kama ne tsantsa: a ɗauki abin da ya yi suna a sa masa kayan gida. Dubi kuma yadda yake wasa. Zai zare ido, ya tura hula gaba, ya ja kalma har ta kusa tsinkewa, ya yi shiru na ɗan lokaci kamar mai jiran jama'a su gama dariya, alhali babu kowa a wurin sai masu ɗauka. Wannan shirun na mutumin da ya saba da taro ne.

Masu ilimin birni sun raina irin waɗannan finafinai, suka kira su camama, ana ɗauka cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan. Gaskiya akwai gaggawa a cikinsu, wasu ma labarinsu ba kai ba gindi. Amma raini ya hana su ganin abin da manomin ƙauye yake gani a gidan kallo, janareta na ƙara a waje: baƙauye ya shiga birni, an yi masa kallon bagidaje, ƙarshe shi ya yi wa ɗan birni wayo. Finafinan soyayya masu rawar Indiya ba su ba shi wannan ba.

Sai dai kyamara ba ta da mantuwa irin ta kasuwa. Ɗan kama yana faɗa iska ta kwashe, kaset kuwa yana zama shaida. A 2008 kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure Ibro wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko, tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda sunan wasan ya haɗiye mai shi. Furodusoshi sun gane cewa sunan Ibro a bangon kaset kuɗi ne, don haka da wuya a ba shi rawar da babu barkwanci, ko da yake mai iya sarrafa murya da fuska haka zai iya sa mutane kuka. Ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, 'yan watanni bayan tashar Arewa24 ta fara aiki, wadda shirye-shiryenta masu dogon zango suka ba 'yan wasa sararin gina hali guda a hankali, mako bayan mako, damar da shi bai kai ga samu ba.